Kyamara da sikelin filin jirgi

(An rubuto wannan daga faifan laccar da wani daɗaɗɗen mai ɗaukar hoto ya yi wa matasa masu koyon sana'ar.)

Assalamu alaikum. Ƙannena, ku matso gaba, yau maganar sikeli za mu yi.

Kamfanonin jiragen sama na Emirates da Qatar Airways da Ethiopian, kilo 7 suke yarje wa mai ƙaramin tikiti a jakar hannu. Turkish kilo 8. To ku yi lissafi. Dogon gilashin kyamarar nan (lens) na 70-200 mai f/2.8, tsohon samfurinsa shi kaɗai ya kai kilo ɗaya da rabi. Ka ɗora kyamara biyu, da kwamfuta, da nauyin ita kanta jakar, ka doshi kilo 10 tun ba ka sa caja ba.

Sai ma'aikaciya ta dubi sikeli ta ce, "Malam, ta yi nauyi, sai dai ta bi manyan kaya." A nan ne ba na so ku yi saurin cewa to. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan sufurin jiragen sama, ta yanke iyakar diyyar kayan da suka ɓace ko suka lalace, kuma ko bayan ƙarin da aka yi a ƙarshen 2024, kimanin dala 2,000 ce ga fasinja ɗaya, komai tsadar abin da ke cikin akwatin. Kyamarar wani a zauren nan ta fi haka. Kun dai ga yadda ake cilla akwatuna a kan bel.

Don haka tun daga gida ake raba kaya. Ƙafar kyamara, sandunan fitila, wayoyi, caja, duk a naɗe su da tufafi su bi babban akwati. Gilashi da kyamara da memori su zauna a jikinka.

Batir kuwa ba zaɓinka ba ne, doka ce. Batirin lithium da ba ya jikin na'ura, har da fawa-bank, ba ya shiga ma'ajin manyan kaya da ke ƙasan jirgi, domin idan ya kama da wuta a can babu mai kai masa hannu. Wanda bai haura Wh 100 ba (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), sai ka shiga da shi a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin, kuma biyu kacal. Sama da haka ka bar shi a gida. Shi ya sa manyan batiran 'yan fim ake yin su 95 ko 98, da gangan ne. Ku manna salatif a bakin kowane batir, kada ya gogi makulli ko kwabo.

Wani ya ɗaga hannu ɗazu yana tambayar dabarar falmaran. E, tana yi. Galibi jaka ake aunawa, ba mutum ba, sai ka zuba batira da ƙaramin gilashi a aljihuna, ka rataya kyamara ɗaya a wuya. Amma ban da gardama. Ka zuge jakar a hankali ka nuna musu abin da ke ciki, sau da yawa ladabi ya fi katin shaidar ɗan jarida aiki.

Sai ƙananan jirage irin ATR 72, masu matsattsen ma'ajin sama. A bakin matakala ake karɓe jaka mai taya. Ka tanadi 'yar jakar yadi a ciki, da an miƙo hannu ka kwashe gilasai da batira ka tura su ƙarƙashin kujerar da ke gabanka, ka ba su sauran.

Akwai mai wata tambaya kafin a kira la'asar?