Bindigar da maƙerinta bai bar suna ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa daga nan gundumar Lancaster da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Wannan doguwar bindiga da kuke gani shimfiɗe a kan tebur ta wani dattijo ce maƙwabcina, wanda ya tsince ta a rufin gidan iyayensa, kuma ya nemi in taya shi gano inda aka ƙera ta, domin babu suna ko shekara a jikinta. Irin wadda ake ɗurawa ta baki ce, kamar bindigar tokar da 'yan bindigar sarki suke bugawa a hawan Sallah, sai dai cikin bututun tamu sumul yake, wannan kuwa tana da tsagi bakwai masu murɗewa waɗanda suke juya harsashi ya tafi saiti.

Kafin komai, mun zura sandar ɗuri har ƙasa, muka gwada tsawonta da na bututun daga waje, domin sau da yawa ana samun irin waɗannan bindigogi da tsohon albarushi a ciki, kuma albarushi yana iya tashi ko bayan shekara ɗari. Alhamdu lillahi, babu komai.

Daga nan muka kai ta wurin wani maƙerin bindiga, ya raba bututun da itacen a hankali, saboda a ƙarƙashi ake yawan buga hatimin gwaji, wato alamar da ke nuna an jarraba ƙarfin bututun. A Ingila, gidan gwaji na Birmingham yana aiki tun 1813 bisa dokar majalisa, kuma bututun da ya bi ta can a ƙarni na 19 yana ɗauke da sanduna biyu a gicciye da kambi a sama. A Liège ta Beljiyam kuwa haruffan ELG ake bugawa cikin da'ira mai siffar ƙwai. Mun duba da tabarau, babu ko ɗaya. Maƙwabcina ya ji babu daɗi, amma ni a wurina rashin hatimin nan shi ne shaida ta farko mai ƙarfi, domin gwamnatin tarayyar Amurka ba ta taɓa wajabta irin wannan gwaji ba, kuma ƙananan maƙeran ƙasar na ƙauye da yawa ba su damu da sa suna ba, tunda duk wanda zai saya ya san su. Manyan masana'antu ne, irin ta Henry Leman da ya fara aiki a garin nan a 1834, suka saba buga sunansu a sarari.

Yanzu ku dubi itacen. Icen mapul ne mai zane kamar igiyar ruwa, ya tafi tun daga gindi har bakin bututu, shi kuma bututun kusurwa takwas gare shi, tsawonsa inci 42. Ga kuma ɗan akwatin tagulla a gefen gindi, inda maharbi yake ajiye ƙyallen da aka shafa wa kitse don naɗe harsashin dalma. Wannan fasali na maƙeran Pennsylvania ne, waɗanda akasarinsu jikokin Jamusawa ne.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan farantin ƙarfe da ke sama da kunama. Idan na matso da kyamara za ku ga ƙananan ramuka da aka toshe, da kuma gurbin da aka yanke wani abu. Nan ne kaskon albarushi da ƙarfen da ƙanƙara take ƙyastawa suke a da. Wato an haife ta a matsayin bindigar ƙanƙara, daga baya aka mayar da ita mai hular tagulla, 'yar ƙaramar hular da ke kunna albarushi idan an doke ta, abin da aka riƙa yi sosai tsakanin 1830 da 1850. Sukurorin da suke riƙe da akwatin ma bakinsu a dakushe yake, alhali masu tsini na inji sai wajen 1846 suka fara yaɗuwa.

Da muka haɗa waɗannan duka, mun tsaya a kan cewa ƙirar Pennsylvania ce ta farkon ƙarni na 19. Na roƙi dattijon kada ya bari kowa ya goge duhun da ke jikin ƙarfen, domin gogewa tana shafe alamun hannun maƙeri. Ranar Asabar za mu je gidan tarihi na Landis Valley da hotunan akwatin tagullar, mu gwada zanensa da na bindigogin da aka san maƙeransu.