Kare ɗaya gasa biyu: ya za a yi kar ya rikice?

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar karen da ake so ya shiga gasar kyau kuma ya shiga gasar biyayya za mu yi, tunda wasu na cewa wai ba a haɗa su, ɗaya sai ta ɓata ɗaya. Ana haɗawa mana, sai dai akwai inda gizo ke saƙa.

A gasar kyau, irin Crufts ta Ingila da aka fara tun 1891 ko Westminster ta Amurka, alƙali ba ruwansa da wayon karenka, ƙirar jiki yake dubawa, ya buɗe baki ya ga haƙora, ya shafa kafaɗa da gadon baya, sannan ya ce ku zaga fili da sassarfa. Kana tsayawa kare zai tsaya cak, ƙafa huɗu a daidaice, kai a sama.

To a biyayya kuma fa? Kare na manne da ƙafarka ta hagu, kana tsayawa dole ya zauna da kansa ba tare da ka ce uffan ba. A dokar AKC, wato babbar ƙungiyar da ke kula da gasar karnuka a Amurka, maki 200 ne cikakke, sai ka samu 170 ka haye, kuma zaman nan in ya karkace ko ya makara ana zaftare maki. Kun ga matsalar ko? Mai shi ya tsaya, can an ce tsaya, nan an ce zauna, shi yasa za ka ga kare mai kyau ya zo gaban alƙalin gasar kyau ya yi zamansa abinsa, shi a ganinsa ya burge.

Maganin shi ne ka raba masa komai. Igiyar gasar kyau siririya ce, can sama bayan kunnuwa ake ɗaura ta, ta biyayya kuma abin wuya ne na yau da kullum, kar ka kuskura ka musanya ko a wajen atisaye. Kare yana saurin gane irin wannan, da ya ji siririyar nan a wuya ya san yau tsayuwa ce. Kalmar umarni ma daban daban, har takunka ya bambanta, a sassarfa ka saki igiya ya ɗan ba ka tazara yana kallon gaba, don karen da ya saba a biyayya da ɗaga kai yana kallon fuskarka tafiyarsa karkacewa take yi kuma alƙali zai gani.

Ni dai a ganina fara koya masa tsayuwa ya fi, zama ba ya wa kare wuya, ko daga baya zai ɗauka. Kuma akwai riba, a matakin farko na biyayya akwai inda kare ke tsayawa alƙali ya taɓa kansa da bayansa, karen gasar kyau wannan ai ya riga ya saba.

Sai batun ɗan abin tauna. A gasar kyau a Amurka za ka ga mutum da guntun hanta a hannu yana jan hankalin kare, amma filin biyayya ba a shiga da abinci sam, don haka tun a gida ka fara ajiye ladan a nesa, sai an gama zagaye ku je ku ɗauko tare. Atisayen ma ya zama gajere, kuma da farko kar ka jera biyun a lokaci ɗaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma.