Wa zai ci, wa zai kai? Lacca kan haraji da amana

(An rubuto daga faifan laccar da aka gabatar a Katsina)

Jama'a, ku lura da ɗan kasuwar da ke fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in, ba wanda ya tsaya masa a kai. Ranar da mai karɓar haraji ya leƙo shago kuwa, sai ka ji "kasuwa ba ciniki". Ba rowa ba ce. Zakka ya san hannun da za ta faɗa. Haraji kuwa tambaya biyu ke cin ransa: wa zai ci, wa zai kai?

Ta farko maganar "namu" ce. A 2004 masana tattalin arziki biyu, Alesina da Glaeser, sun kiyasta cewa kusan rabin tazarar da ke tsakanin Amurka da Turai wajen tallafa wa talaka bambancin launin fata da ƙabila ne ya jawo ta. Mutum bai cika son ciyar da wanda yake gani bare ba. Mu ma haka ne. Tsarin mulkin 1999 ya ware aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga jihohin da ake haƙowa, kuma a 2021 Jihar Ribas ta yi nasara a Babbar Kotun Tarayya kan karɓar VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya, da kanta, kafin a ɗaukaka ƙara. Hujjar mutanen Ribas a fili take: kuɗinmu na tafiya wa wasu. Wato ɗan Fatakwal bai gama yarda ɗan Daura nasa ba ne, kuma, mu faɗi gaskiya, ɗan Daura ma haka.

Ta biyu, wato amanar wanda zai kai kuɗin ga jama'a, ta fi damuna. Lokacin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979, Katsina na cikin Jihar Kaduna, talakawa murna suka yi, domin sun daɗe suna biya ba su gani a ƙasa.

Yau a rajistar masu karɓar tallafin gwamnati ake yin ɓarnar. Ƙa'ida ita ce mutanen unguwa su zaɓi mabuƙata, ma'aikata su bi gida-gida su tantance, sannan a haɗa suna da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) da asusun banki. Idan ɗan siyasa ya miƙa jerin sunaye daga aljihu, an tsallake matakin farko ke nan. Gwauruwar da ba ta da NIN kuma a matakin ƙarshe take faɗuwa. Gyaran ba tsada: a karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar mai unguwa, a liƙa su, a ba da mako biyu na ƙorafi kafin a biya ko sisi.