Margarita Mamun da zinaren Rio: sa'a ce ko kuwa aiki?

Jama'a masu sauraro barkanmu da wannan lokaci. Yau sharhin namu zai bar ƙwallon ƙafa ya huta, za mu leƙa wani wasa da ba kasafai muke zancensa ba, wato jimnastik na 'yan mata da ake yi da kiɗa, wanda yarinya za ta shigo fili riƙe da zobe ko ƙwallo ko kulake biyu ko dogon ƙyalle, tana jefawa sama tana juyi tana cafewa. Kuma wadda za mu ɗauka ita ce Margarita Mamun ta ƙasar Rasha, wadda ta ci zinare a Olamfik na Rio a 2016, kuma har gobe akwai masu cewa wai tsintar zinaren nan ta yi. Ni dai ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina.

Bari mu fara da shi kansa wasan don kar a ɗauka rawa ce kawai. Filin mita 13 ne ta kowane ɓangare, kuma kowane zagaye bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Ƙyallen nan tsawonsa mita 6 ne a bakin ɗan siririn sanda, kuma ba a so ya daina motsi ko ya ƙulle, in ya ƙulle alƙalai sun zabge maki. Ƙwallon ba a damƙe ta da yatsu, a tafin hannu take zama. Kulake kuwa su ne masu kunyata mutum, don guda biyu ne, za ta cilla su sama ta yi juyi a ƙasa ta miƙa hannu ba tare da ta kalle su ba, in lissafinta ya kauce da ɗan taki shikenan sai dai ta ji ƙararsu a ƙasa. Sau huɗu ake fitowa, a haɗa makin, wadda ta fi ita ce gwana.

An haifi Margarita a Mosko ranar 1 ga Nuwamba 1995. Babanta Abdullah Al Mamun mutumin Bangaladash ne da karatu ya kai shi can ya zauna, mamarta Anna kuwa 'yar Rasha ce kuma ita ma ta taɓa wannan wasa. Shi ya sa ake mata kirari da damisar Bengal, har ma ta ɗan wakilci Bangaladash tana ƙarama kafin ta tsaya a Rasha. Mai horar da ita Amina Zaripova ce, wadda ita ma ta zo ta huɗu a Olamfik na Atlanta a 1996, wato ta san zafin a ce saura ƙiris. A saman Amina kuma a lokacin akwai Irina Viner, wadda a wancan zamani ita ce uwar ɗakin wasan gaba ɗaya a Rasha, kuma sansaninsu na Novogorsk kusa da Mosko yana tafin hannunta.

To ga inda matsalar take ga duk 'yar Rasha. A Olamfik ƙasa ba ta kawo fiye da mutum biyu a gasar ɗaiɗaiku, alhali su a gida suna da biyar ko shida da kowacce za ta iya hawa dandamali. Margarita ta zama zakarar Rasha a 2011 da 2012 da 2013, amma da aka tashi tafiya Landan a 2012 sai aka ɗauki Evgeniya Kanaeva da Daria Dmitrieva, suka kwaso zinare da azurfa, ita tana gida. Kanaeva ta yi ritaya, kowa ya ce to yanzu kam lokacin Rita ne, haka suke kiranta, sai ga wata yarinya Yana Kudryavtseva da Rita ta girme wa da kusan shekara biyu ta ɓullo a sansani ɗaya.

Kai, Yana bala'i ce. A gasar duniya ta Kiyef a 2013 tana da shekara 15 ta lashe kambun gaba ɗaya, ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunta da ta yi haka ba. Margarita ta ci zinare a ƙwallo da kulake a wannan gasa, amma da aka zo babbar ranar haɗa duka huɗun sai hannu ya yi ta rawa, ta ƙare ta shida. A Izmir ta Turkiyya a 2014, Yana ta ɗaya Rita ta biyu. A Stuttgart ta Jamus a 2015, Yana ta ɗaya Rita ta biyu. Sai sunan ya bi ta, cewa yarinya ce mai kyawun wasa, jikinta na tafiya da kiɗa fiye da na kowa, amma ba ta da zuciyar babbar rana. Kuma gaskiya a lokacin masu faɗin haka ba sharri suke mata ba, abin da ido ya gani ne.

Wata mai shirya fim 'yar Poland ta bi ta da kyamara a shekarar shirin Rio, fim ɗin ya fito a 2017, kuma duk wanda ya kalla sai jikinsa ya yi sanyi. Ana ganin yadda ake mata tsawa da baƙaƙen maganganu, ta gama wasa tana haki a hau ta da faɗa, ita kuma ta yi tsaye ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan. A daidai wannan lokacin kuma babanta na kwance da cutar daji a gida. Ni wannan salon horo bai kwanta min ba ko kaɗan, kuma masu cewa ai ga shi ya haifar da zinare su tuna cewa muna ganin wadda ta kai ne kawai, waɗanda suka karye a hanya ba a ɗora musu kyamara.

Sai ranar 20 ga Agusta 2016, wasan ƙarshe a Rio. Yana ta zo ne bayan tiyatar da aka yi mata a ƙafa, amma ba ka ce ba, don a zobe ta samu 19.225 Rita na da 19.050, a ƙwallo ta samu 19.250 Rita na da 19.150. Wato bayan zagaye biyu labarin nan dai da aka saba ne. Aka zo kulake, Yana ta yi wasanta tsaf har zuwa daƙiƙun ƙarshe, ta cilla kulki sama ta kwanta ta miƙa hannu, kulki ya wuce hannun ya faɗi gefe, kiɗa ya ƙare tana lalube. Aka ba ta 17.883. Rita a nata kulaken ta samu 19.050, sai ga ta a gaba.

To a nan ne nake jayayya da masu cewa sa'a ta fi manyan kaya. Saura zagaye ɗaya fa, na ƙyalle, kuma wadda za ta fito ita ce yarinyar da duniya ta sani da ɓarin hannu in abu ya zo wuya, yanzu kuma ta san zinaren na hannunta, in ta saki babu wanda za ta ɗora wa. Da mai raunin zuciyar nan ce ta 2013 da a nan za ta watse, ƙulli ɗaya a ƙyalle ya isa. Sai ta yi wasan da ya fi kowanne nata maki a ranar, 19.233. Jimilla 76.483, Yana na da 75.608, Ganna Rizatdinova ta Yukiren ta ɗauki tagulla. Fita huɗu, ba ta sauka ƙasa da 19 ba ko sau ɗaya. Kuma shi wannan wasan ai dama cafewa ce jigonsa, kuskuren Yana ba wani abu ba ne da ya faɗo daga waje kamar ruwan sama ko rashin adalcin alƙali, cikin wasan yake, kamar yadda kurakuran Rita a Kiyef suke cikinsa kuma ba wanda ya ce Yana tsinta ta yi a lokacin.

Murna ba ta tsaya a Mosko ba, har Dhaka an yi ta, don Bangaladash da yawan jama'arta ba ta taɓa cin lambar Olamfik ko ɗaya ba, sai suka rungumi 'yar ɗan'uwansu. Amma murnar gidan Mamun gajera ce, kwana shida da cin zinaren, ranar 26 ga Agusta, Allah ya yi wa Abdullah rasuwa, ta dai samu ta dawo ta tarar da shi da rai. Allah ya jiƙansa.

Daga nan ba ta sake fitowa babbar gasa ba. Ta auri ɗan wasan ninƙaya Alexander Sukhorukov a 2017, a ƙarshen shekarar ta sanar da ritaya tana da shekara 22, da zinare bakwai na gasar duniya ban da na Rio. Yana ma ƙafar ce ta tilasta mata ajiyewa tun tana 19, kun ji irin gajartar rayuwar wannan sana'a, shekarun da ɗan ƙwallo ke fara tashe su kuma sun gama.

Tun daga Yulia Barsukova a Sidni 2000, sai Alina Kabaeva a 2004, sai Kanaeva sau biyu, sai Mamun, zinaren ɗaiɗaiku bai bar Rasha ba har sau biyar a jere. A Tokiyo Linoy Ashram ta Isra'ila ta doke Dina Averina, Rashawa suka yi ta kumfar baki kan alƙalanci, a Paris 2024 kuma Darja Varfolomeev ce ta ɗauka wa Jamus, duk da ita ma haifaffiyar Rasha ce. Don haka zuwa Paris dai, Margarita Mamun ce ta ƙarshe da ta ɗaga wa Rasha wannan zinaren.