Maigida a ɗakin haihuwa: abin da ungozomomin Ingila ke so ka yi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, daga nan Ingila nake gaishe ku. Yau da magidanta nake magana, musamman masu jiran haihuwar fari. A gida dai mun sani, naƙuda na tashi sai maza su koma ƙofar gida da carbi. A nan kuwa mai naƙuda ce ke zaɓar wanda zai zauna da ita, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar ta da wanda ta zaɓa. In ta ce uwarta ko yayarta take so saboda kunya, malam, kada ka ji haushi.

In kai ta zaɓa, aikinka tun daga gida yake farawa. Riƙe agogo: idan ciwon na zuwa duk minti 5, yana ɗaukar kamar minti 1, kira sashen haihuwa. Idan faya ta fashe ka duba launin ruwan. Kore ko ruwan ƙasa, ko jini, ko motsin ɗa ya ragu, kira nan take, ba jira.

A ɗakin, wurinka gefen kanta. Ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, ka danna mata ƙugu da tushen tafin hannu, wato ƙasan baya, da ƙarfi. Bututun iskar rage zafi, Entonox, ita za ta riƙe da hannunta. Dalili? In jiri ya ɗebe ta, zai faɗi da kansa. In kai ka danna mata a baki, ka hana hakan. Ta fara shaƙa da zarar ciwon ya taso, don sai bayan daƙiƙa 15 zuwa 20 yake kamawa.

Abin da ya fi ɓata wa ungozomomi rai shi ne miji ya zama bakin matarsa. A tambaye ta, shi ya amsa. A nan izinin tiyata nata ne, sa hannunka ba ya aiki. In Turancinta bai kai ba, ku nemi tafinta, kyauta ne.

Kuma don Allah ka ci abinci. Kada ƙato ya sume, a bar mai naƙuda a koma kansa!

Ɗa na faɗowa kan ƙirjin uwa ake ɗora shi, a ɗan jinkirta kafin yanke cibiya. Ka gaya musu tun farko za ka yi masa kiran salla a kunne, za su ba ka wuri.