Ina za ka ci abinci a doguwar hanyar Amurka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau daga cikin mota nake muku magana, na tsaya a wata tashar manyan motoci a yammacin jihar Oklahoma, kan babbar hanyar nan I-40. Jiya da hantsi na baro Memphis, Albuquerque na nufa, tafiyar kusan mil 1,000, kilomita 1,600 ke nan. Ɗalibai da sababbin zuwa sun sha tambayata, in mutum ya hau irin wannan hanya a ina zai ci abinci? To ku gyara zama.

Da farko ka cire wa ranka cewa za ka ga masu tsire ko masu gasa masara a bakin titi, kamar yadda ake tsayawa a Tafa ko Mararrabar Jos. Nan babu. Abin da za ka gani shuɗin allo ne gabanin kowace mafita, an jera tamburan gidajen abinci a jiki: McDonald's, Subway, Wendy's da ire-irensu. Kuɗi suke biya a sa su a allon, kuma galibi na kusa da mafitar ne. Ma'ana allon ba zaɓaɓɓu yake nuna maka ba, makusanta yake nuna maka. In yunwa ta matsa, ci, ba laifi. Amma in abincin kirki kake so, sai ka saki babbar hanya ka shiga gari, minti biyar ko goma.

Ga yadda nake yi. Tun ban tayar da mota ba nake duba inda azahar za ta riske ni. A yawancin jihohi lambar mafita daidai take da lambar mil, in kana mil na 100 kuma garin yana mafita ta 160, ka san saura kamar awa guda. Sai in buɗe Google Maps a kan wannan gari. Kada yawan taurari ya ruɗe ka. Gida mai tauraro biyar da mutum tara suka yaba, ƙila dangin mai gidan ne. Gara mai 4.4 da mutum ɗaruruwa suka ci suka yi magana. Ni abin da aka faɗa kwanan nan nake fara karantawa, sannan in kalli hotunan da masu ci suka ɗauka da wayoyinsu, ba wanda mai gida ya gyara ba. Ka duba lokacin rufewa ma. Ƙananan garuruwa da wuri suke kashe wuta, ƙarfe takwas ko tara an kulle, wasu ba sa buɗewa ranar Lahadi ko Litinin. Chick-fil-A kam ko'ina yake a rufe yake ranar Lahadi.

In ka isa, tsaya ka dubi farfajiyar kafin ka shiga. Ka ga motocin a-kori-kura na ma'aikata da manoma, lambar jihar ce a jikinsu, ƙarfe sha biyu na rana, to ka zo wurin. 'Yan gari ba sa komawa inda aka cuce su. Ka kuma yi tambaya, ai matambayi ba ya ɓata. Sai dai kada ka ce "ina ne gidan abinci mai kyau", za a tura ka inda baƙi ke zuwa. Ce wa mai gidan man, "kai a ina kake cin na rana?"

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne sosai, wato naman alade. A kudancin ƙasar nan ba a faranti kaɗai yake ba, a cikin girki yake ɓuya. Ni kaina na taɓa faɗawa. Wani gidan abinci ne a Tennessee, na ce bari in kauce wa nama gaba ɗaya, na sa a kawo min wake da ganye da burodin masara. Na kai loma uku, sai cokali ya ɗago wata 'yar tsoka ja-ja daga ƙasan kwanon. Na kira matar da ke hidima, ta ce ai da shi suke dafa waken, shi ke ba shi ɗanɗano. Ita ba ta ga abin ɓoyewa ba, ni ne ban tambaya ba. Daga ranar na haddace kalmomi huɗu: pork, bacon, ham, lard. Na ƙarshen shi ne kitsen alade, yana shiga markaɗaɗɗen waken gidajen abincin Meziko, yana shiga wainar fulawarsu ta tortilla, har da ɓawon wasu kayan gashi. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi, sun saba da masu cewa kaza ba ya karɓar jikinsu.

Haka gashin nan nasu da suke alfahari da shi, barbecue. A Memphis da jihohin Carolina alade ne kan gaba. A Texas kuwa naman ƙirjin saniya ne, brisket, a bar shi cikin hayaƙi awa goma sha wani abu har ya yi laushi. Amma ko a can, tsiran da suke haɗawa da shi yawanci akwai alade a ciki ko a fatarsa, kuma sau da yawa wuƙa ɗaya katako ɗaya ne. Batun yankan Ahlul Kitabi kuwa malamai sun yi saɓani, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi, ni direba ne ba mufti ba.

Mai neman halal zalla, akwai manhajar Zabihah, tana nuna gidajen halal da masallatai. Ni masallacin ma na fi nema. Ka yi sallah, ka tambayi na kusa da kai, ba za ka fita ba a kwatanta maka wani Bafalasɗine ko ɗan Pakistan mai girki ba, wani lokaci ma a ja ka gida. Manyan birane sauƙi ne da su. Dearborn a Michigan Larabawa ne ko'ina, Minneapolis da Columbus akwai Somalawa da shinkafa da naman akuya, Houston kuwa kan titin Bissonnet har tsire da sakwara za ka samu. In ka ratsa irin waɗannan, sayi na yanzu da na gobe, ka sa a cikin kula da ƙanƙara, don tsakanin Oklahoma City da Albuquerque galibi fili ne fetal.

Abin da ya sa na tsaya nan kusa da garin Sayre ke nan. Direbobin tirela 'yan Punjab, mabiya addinin Sikh, sun yi yawa a wannan hanya, shi ya sa 'yan uwansu suka buɗe gidajen abinci a cikin tashoshin, suna ce musu dhaba. Daga waje ba ka ce ana girki a ciki ba, gidan mai ne kawai da tireloli. Namansu ba lalle ya zama halal ba, don haka ni ba na taɓa shi. Amma miyar wakensu ta dal, da gurasa mai zafi daga tanda, da shayi mai madara da citta, wallahi sun fi duk abin da ke kan shuɗin allon can.

Kuɗi kuma, farashin da ke takardar abinci ba shi za ka biya ba. A yawancin jihohi sai an ɗora haraji, in kuma zama ka yi aka kawo maka, akwai tukuicin mai hidima, kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Kada ka ƙi bayarwa, da shi suke rayuwa. Kwanonsu kuma babba ne, mutum biyu za su ƙoshi da ɗaya, in ya rage ka ce a ba ka mazubi ka tafi da abinka, ba abin kunya ba ne a nan. Gobe in na ratsa Amarillo zan nuna muku gidan abincin Big Texan, inda suke da tsokar naman shanu mai nauyin kusan kilo biyu, wanda ya cinye ta da mahaɗinta cikin awa guda ba zai biya ko sisi ba. Kallo kawai za ni.

Ga mutumin can yana ɗaga min hannu ta taga, da alama gurasata ta fito. Bari in je kafin ta huce, sai mun haɗu a New Mexico. Wassalamu alaikum.