Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Sabon Zongon Ankara (Accra), ƙasar Gana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka. A madadin sarakunan zango, da limamai, da iyayenmu mata, ina yi maka barka da zuwa, kai da tawagarka, da sannu da doguwar hanya tun daga ƙasar Hausa har bakin teku.

Ranka ya daɗe, Malam Baƙo ne ya kafa wannan unguwa a farkon ƙarni na 20. Mahaifinsa malami ne Bakatsine, wanda ya zauna a tsohon zango na cikin gari. Bayan da Turawa suka dawo da hedikwatarsu Ankara daga Cape Coast a 1877, gari ya yi ta cika har zangon ya yi wa jama'a kaɗan, sai Malam Baƙo ya nemi fili wajen sarakunan ƙabilar Ga a hayin tafkin Korle, ya yanka wa mabiyansa. A wancan zamani, falke in ya iso da shanu ko ya zo sarin goro, gidan maigidansa yake sauka, a ba shi ɗaki da tuwo, maigida ya yi masa dillanci, ya kuma tsaya masa in ciniki na bashi ne.

Dokar korar baƙi ta gwamnatin Firayim Minista Busia a 1969 ta girgiza zanguna ƙwarai, domin mako biyu kacal aka bayar, kuma cikin waɗanda suka hau manyan motoci har da haifaffun nan da ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba.

Yau gidajen gado sun koma ɗakunan haya, zaure da dama an fasa masa ƙofa ta titi ya zama shago, samarinmu kuwa suna neman na kansu a kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai. Dagomba da Zabarmawa da Kotokoli duk maƙwabta ne, kuma da Hausa suke cinikin koko da ƙosai da safe. Wannan abin alfahari ne, sai dai yawancin yaranmu a baki kawai suke da Hausar, ba su iya karanta ta ba, balle rubutawa.

Don haka roƙonmu ga Mai Martaba shi ne a taimaka mana da littattafan Hausa da malaman da za su horar da namu, ko da na 'yan watanni ne. Ɗakin karatu da masaukinsu suna wuyanmu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya mai da ku gida lafiya.